Yadda ake farautar ƙwayar rogo mai fitowa sak uwarta

Duk wanda ya taɓa binne ƙwallon mangwaro ɗan gida, mai zaren nan da ke maƙale mana a haƙori muna yara, ya san abin da zan faɗa: ƙwallo ɗaya ka binne amma sai ka ga tsiro uku ko huɗu sun ɓullo tare suna gogayya. 'Ya'yan lemu ma haka suke yi. A cikin tsiron nan yawanci guda ɗaya ne ɗan barbara mai uwa da uba, sauran daga naman jikin uwar kawai suka samu, ba ruwansu da namiji, shi ya sa in sun girma suke ba ka mangwaro sak na bishiyar da ka tsinto ƙwallon a gindinta. To wannan abin shi masana ke kira afomiksis, wato ƙwaya ce ta gaske mai ɓawo da komai amma abin da ke cikinta fotokwafin uwa ne. Shi ake ta nema a jikin rogo shekara da shekaru, kuma yadda ake neman nake so mu bi tare, musamman ɗalibanmu na sashen noma masu neman abin da za su yi furojet a kai da matasan da ke da ɗan fili da haƙuri.

Me ya sa ma za a wahalar da kai, tunda sandar rogo ita ma fotokwafin uwa take bayarwa? Wanda ya taɓa shuka hekta guda ba zai yi wannan tambayar ba. In ka ba da tazarar mita ɗaya-ɗaya gindi 10,000 kake buƙata, dami 50 zuwa 60 kenan na sanduna, sai ka nemo mota, ka biya 'yan lodi, ka biya 'yan sauke, kafin a iso gona rabin idanun sun kuje. Sannan gindi ɗaya a shekara abin da zai ba ka bai wuce yanka 10 ba, alhali ƙwayar masara ɗaya tana ba ka ɗaruruwa, shi ya sa in an fitar da sabon irin rogo sai a shekara biyar bai iso ƙauyenku ba. Mu nan Arewa ga ƙarin bala'i, rani mai tsawo, ka jingine sanduna a inuwa rana ta busar, gara ta ci, awaki su ƙarasa. Babbar matsalar kuma cuta ce. Cutar nan mai sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya nannaɗe, wadda farin ƙuda ke yaɗawa, a cikin sanda take zaune, ka yanka ka shuka ka shuka cutar, haka kuma cutar da ke ruɓar da cikin saiwa da ta addabi Tanzaniya da Uganda. Ita kuwa ƙwaya, bairos ɗin dabbare-dabbaren ba ya bin ta. Ga ta ba nauyi, ƙwaya 10,000 ba ta kai kilo 2 ba, a ledar hannu za ka riƙo irin hekta guda.

Matsalar ƙwayar rogo ta yau da kullum ita ce ba ta da alƙawari. Rogo yana da kuromosom, wato 'yan zaren da ke ɗauke da gado a jikin halitta, guda 36, 18 daga uwa 18 daga uba, kuma da yake ɗaruruwan shekaru da sanda ake yaɗa shi, gadon da ke cikinsa a cakuɗe yake ƙwarai. Ka ɗebi ƙwaya 100 daga gindi ɗaya mai kyau ka shuka, za ka samu rogo kala 100, wani ɗaci, wani duk zare, wani ganye kawai. Ga mai ƙirƙirar sabon iri wannan arziki ne, daga nan yake zaɓe. Ga manomi kuwa asara ce. Abin da ake so shi ne a haɗa sauƙin ƙwaya da amanar sanda.

Tun kafin ka sayi ko ƙyalle ɗaya ka san wannan: har yau ba wani irin rogo a kasuwa ko a hannun wata cibiya da ake raba wa manoma wanda ƙwayarsa ke fitowa sak uwa. In wani ya tallata maka, riƙe kuɗinka. Wanda ya fi kowa daɗewa a kan maganar shi ne Farfesa Nagib Nassar, ɗan asalin Masar da ya koma Barazil a shekarun 1970 ya yi aiki a Jami'ar Brasilia. Barazil ɗin ce asalin rogo, daga can Turawan Fotugal suka kawo shi Afirka a ƙarni na 16, kuma a can mafi yawan danginsa na daji suke, kusan kala 98 aka lissafa a dangin gaba ɗaya. Nassar ya yi ta haɗa rogon gida da na daji, ya kuma ba da rahoton cewa a cikin jikokin wannan haɗin ana samun ƙwayoyin da ba su da uba, amma kaɗan ne ainun, kamar 1 ko 2 cikin 100. Wato halin yana nan a ɓoye, aikin shi ne a gano gindin da ke da shi, a tabbatar ba ruɗin ido ba ne, sannan a yi ta ƙara masa ƙarfi.

Fara da sanin furen

Da yawa cikinmu mun shekara muna cin dafaffen rogo da ƙuli ba mu taɓa lura rogo yana fure ba. Yana yi, a daidai inda kara ya rabu ya yi reshe biyu ko uku, nan zangarniyar furen take fitowa. Ba reshe, ba fure. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin iyayen da za ka tara: masu saurin yin rassa. Irin su TME 419 da manoma ke so saboda yana miƙewa sambal a shuka wani abu a tsakaninsa, shi ne kuma mai wahalar da masu barbara don ba ya son yin reshe da wuri.

Ba kamar dabino ko gwanda ba da ake da bishiya mace da bishiya namiji, rogo gindi ɗaya ke ɗauke da duka biyun. Matan suna ƙasan zangarniya, sun fi girma, ba su da yawa. Mazan suna sama, ƙanana, rututu. Matan ne ke fara buɗewa, sai bayan sati ɗaya zuwa biyu mazan wannan zangarniyar su buɗe, amma kar wannan ya ruɗe ka, gindi mai rassa da yawa namijin wani reshe yana iya buɗewa rana ɗaya da macen wani reshen, kuma ƙudan zuma ba ya tambayar izini. Bununin rogo yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa kamar na masara ko gero, ƙwari ne ke jigilarsa. Furen yana buɗewa wajen tsakar rana. In barbara ta kama, ɗan zai nuna cikin wata biyu da rabi zuwa uku, ɗaki uku ne a cikinsa kowane da ƙwaya ɗaya, in ya bushe sai ya fashe ɗas ya watsar da su. Ƙwayar in ka gan ta sai ka ce ta zurma ce ta ƙanƙance, dama danginsu ɗaya da zurma da bini-da-zugu.

Wuri ma yana da tasiri. Zafi mai tsanani da fari suna hana rogo fure ko su sa ya zubar. Ko IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, yawancin barbararsu a Ubiaja ta jihar Edo suke yi don rogo ya fi sakin fure a can. Don haka wanda ke wuri mai ɗan sanyi da doguwar damina ya fi na Kano ko Maraɗi sa'a, na can sama sai ya haɗa da ban ruwa ya kuma daidaita shukarsa yadda furen ba zai faɗo a tsakiyar bazara ba. Akwai dabarun da masana na Jami'ar Cornell da cibiyar CIAT ta Kolambiya suka gwada suka ga suna aiki: kunna jan ƙwan lantarki a kan shukar da dare don ta yi saurin reshe, da kuma tsinke 'yan ƙananan rassan da ke fitowa a gefen zangarniya tun suna mitsi-mitsi don abincin ya tafi wa furen. Ta biyun ba ta buƙatar ko sisi, ido kawai da farce, amma sai kana zagaya gonar kusan kullum don in rassan suka ɗan girma an makara.

Iyayen da za ka tara

Kar ka tsaya kan iri ɗaya. Nemi kala 15 ko 20 in za ka iya, na gargajiya da na cibiyoyi, kowanne gindi 10 zuwa sama, ka ba kowanne lamba. Waɗanda suka fi dacewa a sa wa ido su ne masu jinin daji a jikinsu, kuma abin daɗin shi ne ba sai ka je Barazil ba. Akwai wani rogon daji mai zama bishiya, Manihot glaziovii, da Turawan mulkin mallaka suka kawo Afirka don tatsar roba, abin bai yi riba ba suka watsar, ya bazu. A shekarun 1930 a tashar bincike ta Amani da ke Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, masana biyu Storey da Nichols suka fara haɗa shi da rogon gida don neman juriyar cutar dabbare-dabbare. Daga zuriyar wannan aikin aka zaɓo wani iri mai lamba 58308 a Moor Plantation ta Ibadan, shi kuma Dakta Hahn na IITA ya yi amfani da shi a shekarun 1970 ya fitar da irin TMS, ciki har da TMS 30572 da ya game Najeriya. Ka ga kenan yawancin irin TMS akwai ɗigon jinin daji a cikinsu. Sandunan asali kuma daga IITA ko cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike a jihar Abiya ake nemansu, kar ka yarda da sunan da ɗan kasuwa ya laƙaba wa dami, a wannan aikin in ba ka san uwa ba to ba ka san komai ba.

Uba kuma, zaɓi wanda 'ya'yansa ba sa ɓuya. In uwar farin ciki gare ta da koren hannun ganye, nemo uba mai ɗorawar ciki irin rogon bitamin A da aka fara fitarwa a 2011, mai jan hannun ganye, ko ma bishiyar glaziovii ɗin kanta in akwai a kusa, don ɗanta da rogon gida ko yaro zai gane shi. Hikimar ita ce duk ɗan da ya ɗauko kamar uba ka cire shi daga lissafi nan take.

Gwaji biyu a kan kowace uwa

Da sassafe za ka shiga gona da 'yan jakunkunan farin yadi marar kauri, zare, katin rubutu, fensir da ƙaramar kwalba. Biro yana gogewa a ruwa, leda kuma tana dafa fure, kar ka yi amfani da su. Yadda ake gane macen da za ta buɗe ranar: ka ɗan ɗaga leɓen furen a hankali, in ka ga ɗigon ruwan zuma a gindinsa to yau ce ranarta. Ka tsinke duk mazan da ke zangarniyar, ka rufe matan da jaka ka ɗaure.

Raba matan da ka rufe kashi biyu. Kashi na farko ka bar su a rufe, kar ka sa musu bununin kowa. Wannan shi zai nuna ko uwar tana iya yin ƙwaya ita kaɗai tsaf. Kusan duka za su bushe su zube cikin sati ɗaya ko biyu, kar ranka ya ɓaci, haka aka saba gani. Wani lokaci ɗan zai kumbura kamar abin kirki, ka yi ta murna, ranar da ka fasa ka tarar da ƙwaya holoƙo ba komai a ciki. Jefa su a kofin ruwa, mai tasowa sama fanko ce.

Kashi na biyu su ne za ka yi wa barbara da uban da ka zaɓa, kuma a nan aka fi sa rai. Dalili, a yawancin tsirran da ke da wannan halin ɗan tayin ba ya buƙatar uba amma guzurin da zai ci a cikin ƙwayar yana buƙatar bununi kafin ya haɗu, kamar dai a ce namijin ya kawo cefane ne kawai bai bar gado ba. Don haka wanda ya rufe fure kawai ya ga bai samu komai ba ya ce babu afomiksis, ya yi gaggawa. Da safen nan ka tsinko furannin uban da suka kusa buɗewa ka zuba a kwalba ka ajiye a inuwa, zuwa azahar sun buɗe, sai ka kwance jakar, ka goga kan namijin a kan tsinin macen har ka ga garin ya manne, namiji ɗaya yana isar mace biyu ko uku, ka mayar da jakar ka ɗaure, ka rataya kati: lambar uwa, lambar uba, kwanan wata, fure nawa. Bununin kwana ɗaya ya fara mutuwa, kullum sabo za ka ɗebo. Bayan kwana biyu ko uku ka cire jakar don ɗan ya sha iska, in ya yi sati uku zuwa huɗu ka sa masa jakar raga, gidan sauro tsoho ma ya wadatar, don ranar da zai fashe ƙwayoyin su zube a ciki.

Yanzu lissafi, don a nan mutane ke karaya. In a ce halin yana fitowa sau 1 cikin 100, kana buƙatar tsiro wajen 300 daga uwa ɗaya kafin ka samu tabbacin kashi 95 cikin 100 cewa aƙalla guda ɗaya zai faɗo a hannunka. Barbarar hannu kuma duk da ɗaki uku ne, abin da ake samu a kan kowane fure bai cika wuce ƙwaya ɗaya zuwa biyu ba, wasu ma ba za su tsiro ba. Wato fure ɗaruruwa a kan uwa ɗaya. Wanda ya gwada ƙwaya 20 ya rubuta sakamako, ni dai ban ɗauke shi da muhimmanci ba, ko ya ce ya samu ko ya ce bai samu ba.

Renon ƙwaya

Sabuwar ƙwayar rogo tana da barci, in ka shuka ta ranar da ta faɗo sai ta yi ta zama. Ajiye ta a ambulan na takarda a busasshen wuri wata biyu zuwa uku. Tana son zafi kafin ta tsiro, digiri 30 zuwa 35, a nan kam mu rana ta yi mana gata. Wasu suna ɗan goga gefen bakin ƙwayar da fayil ko sanfefa don ruwa ya shiga, amma a hankali, in ka zarce ka kashe ta. Abu mafi muhimmanci: ƙwaya ɗaya a leda ɗaya, kowace leda da lambarta. Dalilin shi ne kana neman tagwaye. In ka ga tsiro biyu daga ƙwaya ɗaya, kamar mangwaron da muka fara da shi, sa masa jan ƙyalle, don sau da yawa ɗaya ɗan barbara ne ɗayan kuma na jikin uwa. In ka watsa su a bedi ɗaya ba yadda za ka rantse cewa ba ƙwaya biyu ce ta haɗu ba. Tagwaye alama ce kawai ba hujja ba, don ɗan tayin barbara ma yana iya rabewa biyu.

Cikin sati biyu zuwa huɗu za su fito, in sun kai kamar taƙi ɗaya ka dasa su a gona layi-layi, 'ya'yan kowace uwa a jere, ka kuma shuka sandar uwar a farkon layi da ƙarshensa don ido ya riƙa kwatantawa. Sai ka bi su da littafi: launin toho, launin hannun ganye, yawan yatsun ganye da faɗinsu, launin kara, tsayin da ya kai kafin ya yi reshe, in an tona kuma launin ɓawo da na ciki.

Tarkunan da ke nan guda uku ne kuma kowanne ya kama mutane. Uban da ka zaɓa shi ma gadonsa a cakuɗe yake, mai ɗorawar ciki yana iya haifar farare da yawa, don haka rashin kamar uba ba ya nufin ba uba. Sai barbarar kai, ƙudan zuma ya riga ka ko jakar ta huje, bununin uwar ya hau kanta, ɗan zai yi kama da ita sosai amma yawanci sai ka gan shi a tsumbure ba kuzari, don rogo ba ya jure auren gida. Na ukun, tsiron ƙwaya yana yin doguwar saiwa ɗaya mai nutsewa ƙasa wadda tsiron sanda ba ya yi, saboda haka ko fotokwafin gaske ne, a shekarar farko saiwarsa ba za ta yi kama da ta uwa ba. Sai ka yanki sandarsa ka sake shukawa gefe da gefe da uwar a shekara ta biyu kafin kwatancen ya yi adalci.

Inda gona ta ƙare, lab ta karɓa

Duk abin da ka yi a baya tankaɗe ne, ka rage 300 su koma 10 ko 15 da ake zargi. Hukunci na DNA ne, wato sinadarin da gadon kowace halitta ke rubuce a cikinsa. Za ka tsinki ɗanyen toho na uwa, na uba, da na kowane ɗa, ka busar a cikin ƙwayoyin silika masu tsotse laima, ka kai inda ake gwajin. Abin da za ka roƙa shi ne a duba wuraren da uwar ke ɗauke da gado iri biyu mabambanta. Ɗan barbara da wani uba zai nuna abin da uwar ba ta da shi. Ɗan barbarar kai zai zubar da kusan rabin wuraren, su koma iri ɗaya. Fotokwafi kuwa ko'ina sai ya yi daidai da ita. In an duba irin waɗannan wurare 10, damar ɗan barbarar kai ya tsallake duka da sa'a 1 ce cikin 1,024, in 20 ne ba ta ma kai 1 cikin miliyan ba. Don haka kar ka yarda a duba uku ko huɗu a ce maka an gama.

Akwai wasu gwaje-gwajen biyu ga mai kayan aiki. Ɗaya shi ne a tsinki furen mace ranar buɗewarta a jiƙa a sinadarin da ke sa naman ya zama garau, a leƙa da madubin ƙara girma, in aka ga jakar ƙwai fiye da ɗaya a ɗaki guda to akwai wadda ta tsiro daga naman uwa. Ɗayan kuma na'ura ce mai auna yawan DNA a ɗan tayi da guzurinsa, na barbara yana ba da 2 a ɗan tayi da 3 a guzuri, in aka ga 2 da 4 ko 2 da 5 to an bi ta wata hanya. Sai dai irin na mangwaro da lemu wannan na'urar ba ta kama shi, 2 da 3 zai nuna, shi ya sa ni na fi yarda da gwajin DNA na 'ya'yan.

In Allah ya sa ka dace

Uwar da aka tabbatar tana yi, ko da 1 cikin 100 ne, ita ce jarinka. Yaɗa ta da sanda ka ajiye a wuri biyu ko uku saboda gobara da shanu. Sake gwada ta a wata shekarar da wani uban, don yanayi yana taɓa abin. Daga nan sai zaɓe bayan zaɓe: ka haɗa masu halin da junansu a wani fili can nesa da kowace gonar rogo, ka tara 'ya'yansu na barbara, kowanne ka mayar da shi uwa ka auna kashi nawa yake bayarwa, ka riƙe na sama ka sake haɗawa. Kowane zagaye shekara biyu ne zuwa uku. Ko sabon irin rogo na yau da kullum yana cin shekara 8 zuwa 10 kafin ya fita, balle wannan.

Akwai kuma maganar ninka kuromosom. A daji, kusan duk ciyayin da ke da afomiksis mai ƙarfi masu ninkin kuromosom ne. Shi ya sa ake ɗiga wani sinadari, kolcisin, a idon sanda don 36 ta koma 72, sai ka ga ganye ya yi kauri da faɗi. Guba ce sosai, ba abin da za a taɓa a gida ba ne, a bar wa lab. Wani lokacin ma rogon da kansa yake yi, Hahn da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 1990 cewa haɗa rogo da danginsa na daji ya haifar musu da 'ya'ya masu 54 da masu 72. Irin waɗannan in sun faɗo a layinka kar ka tuge su don sun fita daban, su ma a gwada su.

Ni a ganina, kuma ra'ayi ne, hanyar zaɓe ita kaɗai da wuya ta kai rogo inda manomi zai dogara da ƙwaya, don manomi ba zai karɓi 10 ko 20 cikin 100 ba, sai abin ya kusa cika. Dubi gero. Yana da ɗan'uwa na daji a gabashin Afirka, Pennisetum squamulatum, mai cikakken afomiksis, masana a jihar Jojiya ta Amurka sun shafe shekaru suna ƙoƙarin jawo halin zuwa geron gida ba a samu irin da za a raba ba, masara ma haka aka sha fama a CIMMYT, cibiyar binciken masara da alkama ta Meziko. Amma wahalar geron ba ta tafi a banza ba, daga ciyawar nan aka gano ƙwayar gado, wato guntun DNA mai ɗauke da hali guda, wadda ke sa ƙwai ya zama ɗan tayi ba tare da namiji ba, aka bayyana a 2015. A Faransa kuma Raphaël Mercier da mutanensa sun nuna tun 2009 cewa in aka kashe ƙwayoyin gado uku, tsiro zai daina raba kuromosom ɗinsa biyu wajen yin ƙwai. Da aka haɗa dabarun biyu a shinkafa a Jami'ar Kalifoniya ta Davis, Khanday da Sundaresan suka samu shinkafa mai haifar fotokwafinta a ƙarshen 2018, zuwa 2022 wani aikin ya kai abin sama da kashi 95 cikin 100. An kuma gwada irin wannan a dawa da wake ƙarƙashin jagorancin Anna Koltunow a Ostireliya, ka ga wannan kai tsaye tukunyarmu ya shafa. Rogo zai fi wuya don ga jinkirin fure ga ƙarancin ƙwaya, kuma duk aikin da ya shafi taɓa ƙwayar gado a Najeriya sai da izinin NBMA, hukumar sa ido kan halittun da aka sauya wa gado, da aka kafa a 2015, ba abin bayan gida ba ne. Sai dai ko su masu lab ɗin, a ƙarshe dole su dawo gona su rufe fure su ƙirga 'ya'ya kamar yadda na zayyana, kuma masu hannun yin hakan ba su da yawa.

Wani abu da za ka iya farawa da shi a daminar nan ba tare da jiran kowa ba: gyauron rogo. A tsohuwar gonar da rogo ya yi fure, bayan an ƙone an share, za ka ga 'yan tsiro sun fito inda ba a binne sanda ba. Tona ɗaya a hankali, in ka ga doguwar saiwa ɗaya ta miƙe ƙasa ba guntun sanda, ga kuma ganyen farko guda biyu masu kama da na zurma, to daga ƙwaya ya fito. Manoman ƙabilar Makushi a ƙasar Guyana ba sa tuge irin waɗannan, suna barinsu su girma, wanda ya yi kyau su yanki sandarsa su ƙara a cikin irinsu, haka suka tara rogo kala-kala. Kafa wa kowanne turke da lamba, rubuta irin da aka noma a gonar bara, ka bi su da littafinka har tono, hannunka zai saba da bambance ɗa da uwa kafin ka kai ga ɗaura jakar farko.